Yadda za ka hana shuka yin fure kafin lokaci ta hanyar sarrafa haske da duhu

Fure da wuri a ido abin sha'awa ne, amma ga mai noman furannin yanka, ko mai son kara mai tsawo da rassa masu yawa, asara ce tsagwaronta. Ranar da kan toho ya juya ya zama tohon fure, ya gama fitar da ganye ke nan. Adadin gaɓoɓin da ke kan wannan kara ya tsaya inda yake, kuma duk takin da za ka zuba daga baya ba zai ƙara ko guda ba. Sai ka tarar da kirisantimom, wani furen ado, wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba yana ɗauke da ɗan fure a ka, ko ramar da aka shuka don ɓawonta ta tsaya iya gwiwa ta soma huda.

A yawancin irin waɗannan shuke-shuke, tsawon dare ne ke jawo wannan. Akwai hanyar shawo kansa da ba ta buƙatar kayan aiki masu yawa, amma tana buƙatar ka san abin da shukar ke aunawa, domin mafi yawan masu kuskure a nan suna ƙoƙarin gyara abin da shukar ba ta ma lura da shi ba ne.

Abin da shukar ke aunawa

A shekarar 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, Garner da Allard, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan wani nau'in taba mai suna Maryland Mammoth. Wannan taba tana ta girma a fili duk tsawon bazara ba ta yin fure har sanyi ya kashe ta, amma idan aka raine ta a ɗakin gilashi cikin hunturu sai ta yi fure tun tana ƙarama. Sun gwada zafi, sun gwada ruwa, sun gwada taki. Daga ƙarshe suka riƙa shigar da tukwanen cikin wani ɗaki mai duhu da la'asar suna fito da su washegari, sai ga fure. Haka waken soya ya yi musu. Daga nan aka raba shuke-shuke gida uku: masu fure idan yini ya gajarta, masu fure idan yini ya tsawaita, da waɗanda ba ruwansu.

Sunan da aka ba rukunin farko, wato shuke-shuken gajeren yini, ya ɓatar da mutane da yawa. A 1938 Hamner da Bonner suka nuna da wata ciyawa mai 'ya'ya masu ƙaya, Zantiyom, cewa ba yini shukar ke lissafawa ba. Sun katse yini da ɗan duhu, babu abin da ya canza. Da suka katse dogon dare da ɗan haske na minti guda kuwa, sai furen ya ƙi fitowa. Abin da ake ƙirgawa shi ne duhu mai ɗorewa ba yankewa. Idan ya kai wani tsawo, shukar ta ɗauka lokacin haihuwa ya yi.

Ganye ne ke wannan aikin, ba toho ba. A cikinsa akwai wani sinadari mai jin haske da ake kira fitokurom, wanda masana a Beltsville ta jihar Maryland suka tabbatar da shi a 1959. Yana da siffa biyu. Jan haske, wajen nanomita 660 a ma'aunin tsawon zangon haske, yana juya shi zuwa siffar da ke hana fure a wannan rukuni na shuke-shuke. Haske mai zurfin ja da ido ba ya gani sosai, wajen nanomita 730, yana mayar da shi baya, haka ma dogon duhu a hankali. Idan daren ya cika, ganyen ya haɗa wani furotin ya tura shi ta jijiyoyin kara zuwa kan toho, toho kuma ya sauya aiki. Duk matakan da ke tafe hanya ce ta hana ganye aika wannan saƙo.

Mataki na 1: Tabbatar da rukunin shukarka

Kafin ka sayi ko kwan fitila ɗaya, ka san da wa kake. Masu jiran dogon dare sun haɗa da furannin ado irin su kirisantimom, foyinsetiya da kalanko, sai yawancin waken soya, rama, yakuwa, da nau'o'in dawa da shinkafa na gargajiya da yawa. Su ne wannan jagora ta shafa.

Latas, alkama da sha'ir kuwa akasin haka suke: hasken dare yana ingiza su su yi fure. Idan kana da latas a gefen kwamin da za ka haska, ka sani fitilarka za ta sa ya miƙe ya yi kai da wuri, don haka ko ka raba su da labule mai kauri ko ka matsar da shi. Tumatir da kokwamba ba su damu ba. In sun yi fure da wuri, ka nemi dalili a wani wuri.

Ko a cikin jinsi ɗaya akwai bambanci mai girma. Masu fitar da iri sun samar da nau'o'in waken soya da na dawa da ba sa kula da tsawon dare, suna fure ne idan shekarunsu na kwanaki sun cika. Irin wannan ko ka haska shi dare da rana ba zai jira ka ba. Tambayi wanda ya sayar maka da iri ko dashe, kuma idan kirisantimom ne, nemi a gaya maka makonni nawa nau'in ke ɗauka daga fara dogon dare zuwa buɗewar fure. Za ka buƙaci wannan adadi a ƙarshe.

Mataki na 2: San tsawon darenka da iyakar shukar

Kowace shuka tana da iyakarta. Zantiyom tana fure idan duhu ya haura awa 8 da rabi ko kusa da haka. Kirisantimom, bisa abin da manoma suka daɗe suna aiki da shi, yana fara ƙulla toho idan yini ya sauko zuwa kamar awa 14 da rabi, wato dare na awa 9 da rabi, amma tohon ba ya girma ya buɗe da kyau sai yini ya ƙara gajarta zuwa wajen awa 13 da rabi. Foyinsetiya tana buƙatar dare na kusan awa 12. Rama tana juyawa idan yini ya yi ƙasa da kamar awa 12 da rabi. Waɗannan alƙaluma na kusa ne, nau'i da zafin wuri suna ɗan motsa su.

Yanzu duba inda kake a doron ƙasa. A kan layin da ya raba duniya biyu, yini yana nan wajen awa 12 duk shekara. A digiri 12 arewa ko kudu yana kaiwa da komowa tsakanin kusan awa 11 da minti 20 da kusan awa 12 da minti 50. A digiri 40, daga awa 9 da 'yan mintoci zuwa awa 15. Ka ƙara kamar minti 20 zuwa 30 a kowane gefe, domin hasken alfijir da na bayan faɗuwar rana shuka na iya ɗaukarsu a matsayin yini.

Abin da wannan lissafi ke nunawa yana da muhimmanci. Manomin da ke nesa da tsakiyar duniya yana samun 'yan watanni a shekara da daren kansa gajere ne, fitila ta huta. Wanda ke ƙasashe masu zafi ba shi da wannan hutu idan kirisantimom yake nomawa: babu wata rana a shekararsa da yini ke kai awa 14 da rabi. Shi ya sa gonakin furanni na Kwalambiya, masu fitar da kirisantimom zuwa ƙasashen waje, suke haska ƙananan shukokinsu da dare kowane wata. A Japan ma, a yankin Aichi da tsibirin Okinawa, ɗakunan kirisantimom masu haske da dare sanannen abu ne, suna jinkirta fure don ya dace da lokacin da kasuwa ke nema.

Mataki na 3: Zaɓi yadda za ka gajarta daren

Hanya biyu ce. Ta farko, ka tsawaita yini: ka kunna fitila da faɗuwar rana, ko kafin fitowarta, har jimlar haske ta kai awa 16. Ta biyu, ka raba daren gida biyu da haske a tsakiyarsa. Abin da aka fi yi shi ne kunnawa daga ƙarfe 10 na dare zuwa ƙarfe 2.

Ni ta biyun nake zaɓa, kuma dalilin lissafi ne. Ɗauki wurin da duhu ke shiga ƙarfe 6 da rabi na yamma, gari ya waye ƙarfe 6 da rabi na safe. Idan ka tsawaita yini da awa 4, ka kashe fitila ƙarfe 10 da rabi, duhun da ya rage awa 8 ne cur. Tazarar da ke tsakaninka da iyakar kirisantimom awa ɗaya da rabi ce kawai, kuma akwai nau'o'in da ba sa buƙatar dare mai tsawo haka. Da ka sa waɗannan awa 4 ɗin a tsakiya, da duhun farko ya zama awa 3 da rabi, na biyu awa 4 da rabi. Wutar da aka ƙona ɗaya ce, amma tazarar tsaro ta ninka sau da yawa. Bugu da ƙari, shuka ta fi jin haske a tsakiyar dare fiye da gefensa.

Ƙa'idar da za ka riƙe: kada wani yanki na duhu ya wuce awa 7 a jere. Idan daren wurinka ya kai awa 14 ko 15 cikin hunturu, sake lissafi ka ga ko awa 4 ta isa, in ba haka ba ka ƙara zuwa 5.

Akwai dabara ta uku ga mai son rage wuta. A cikin waɗannan awa 4, maimakon fitila ta tsaya a kunne, sai ta riƙa minti 6 a kunne, minti 24 a kashe, tana maimaitawa. Fitokurom ba ya komawa baya nan take, don haka ɗan duhun minti 24 bai isa ya fara ƙirga ba. Ana samun ragin wuta kashi 80 cikin 100, kuma manyan gonaki suna raba ɗaki kashi biyar su riƙa zagayawa da wutar. Amma an gina wannan dabara ne a kan tsohon kwan fitila mai zare, kuma ba ta yafe rauni: inda hasken ya gaza ƙarfi, nan fure zai ɓullo. Mai kwami biyu ko uku da fitilun LED ba shi da dalilin ɗaukar wannan kasada.

Idan a rufaffen ɗaki kake raino, inda fitila ce kaɗai rana, ba ka buƙatar raba dare. Ba da awa 16 zuwa 18 na haske, sauran duhu, shi ke nan. Barin wuta awa 24 ba ya ƙara hana fure, kuma wasu shuke-shuke ganyensu na lalacewa da shi.

Mataki na 4: Zaɓi fitila

A nan mutane ke kashe kuɗi a banza. Hasken hana fure ba hasken ciyar da shuka ba ne. Ba a neman ganye ya haɗa abinci da shi, ana neman ya farka ne kawai, kamar yadda ɗan ƙwanƙwasa ƙofa ya isa ya tada mai barci ba sai an ɓalle ta ba. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne luks 100 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne) a kan ganye idan tsohon kwan mai zare ne, wanda ya yi daidai da kusan maikuromol 2 a kowace murabba'in mita a daƙiƙa, a ma'aunin masana. Kwatanta da hasken rana tsaka da ke kai luks 100,000.

Tsohon kwan mai zare yana aiki, amma yana shan wuta kuma yana fitar da haske mai zurfin ja da yawa, wanda ke sa kara ya miƙe ya yi siriri. Ga mai furen yanka wannan wani lokaci alheri ne, ga mai shukar tukunya kuwa illa ce. Farin kwan LED, musamman mai haske ja-ja irin na ɗaki, ya wadatar wa shuke-shuken dogon dare domin akwai isasshen ja a cikinsa. Da shi ka nemi luks 150 don ka kai daidai waccan ma'auni. Jar fitilar LED zalla ta fi kowacce tasiri a kan kowane wat, sai dai na'urar auna luks tana raina ta, saboda an ƙera na'urar ne bisa ganin idon mutum, ido kuma ba ya jin ja sosai. Shuɗiyar fitila mai rauni ba ta hana fure, kada ka dogara da ita. Kwan nan mai lanƙwasa na rage shan wuta yana aiki idan an bar shi a kunne, amma yawan kunnawa da kashewa na gajarta ransa.

Ko wace ka zaɓa, ta kasance mai jure danshi, da mazauni da wayoyi irin na waje. Wurin raino wuri ne na ruwa da raɓa. Haɗin wayar da aka naɗe da leda kawai haɗari ne ga mai ban ruwa.

Mataki na 5: Rataya, sannan ka auna a kan ganye

Jera kwayayen a layi bisa tsakiyar kwami. Ga kwami mai faɗin mita 1 da ɗoriya, fara da kwan LED mai wat 9 ko 10, a rataye kamar mita 1 sama da kan shuka, tazarar mita 1 da rabi tsakanin kwai da kwai. Wannan wurin farawa ne kawai. Abin da zai yanke hukunci shi ne awo.

Jira sai dare ya yi sosai, ka kunna, ka ɗora na'urar auna haske a daidai saman ganye tana kallon sama. Manhajar waya ma za ta ba ka kimantawa, ko da ba ta kai na'urar gaske daidaito ba. Kada ka auna ƙarƙashin kwai, nan kowa ya san akwai haske. Auna a kusurwoyi huɗu, a bakin kwami, a tsakiyar tazarar kwai biyu, da bayan duk wani ginshiƙi ko bututu da ke jefa inuwa. Wuri mafi duhu shi ne makinka. Idan ya gaza, ƙara kwai ko matso da su, kuma ka sa kwai na ƙarshe ya kasance a kan ƙarshen kwamin ko ma ya ɗan wuce, domin shukokin ƙarshe ba su da maƙwabcin fitila ta ɗaya gefen.

Ka tuna haske na raguwa da sauri: nisa ya ninka biyu, ƙarfin hasken kwai ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan na jan mutum ya sauko da fitila ƙasa-ƙasa, amma hakan na haifar da wuri mai haske sosai a ƙarƙashi da duhu a tsakani. Gara kwayaye da yawa a sama da kaɗan a ƙasa. Faranti mai sheƙi a bayan kowane kwai yana dawo da hasken da zai tafi rufi.

Shuka na girma, lissafin na canzawa. Dogaye suna rufe gajeru, ganyen sama yana rufe na ƙasa. Sababbin ganyen da suka gama buɗewa su ne suka fi jin tsawon dare, kuma galibi suna sama, to amma shukar da ta makara a girma tana iya nutsewa cikin inuwar 'yan'uwanta gaba ɗaya. Sake awo duk mako biyu, ka ɗaga fitila yadda ya kamata. Alamar da ba ta ƙarya: idan fure na wuri ya fito a gefe-gefe ko a ƙarshen layi, tsakiya kuwa lafiya, to ƙarfin haske ne ya gaza. Idan ya fito ko'ina bai ɗaya, matsalar ta agogo ce ko ta wani abu da ba haske ba.

Mataki na 6: Agogon kunna wuta, da ranar da wuta ta ɗauke

Kada ka dogara da hannu. Ba wanda zai tashi ƙarfe 10 da ƙarfe 2 kowane dare na tsawon makonni ba tare da ya yi fashi ba. Sa agogo mai kunnawa da kashewa da kansa, kuma ka duba cewa zai iya ɗaukar jimlar wat ɗin fitilunka.

Agogon mai juyawa da ƙananan haƙora yana da wata ɓoyayyiyar illa. Idan wuta ta ɗauke awa 3, shi ma ya tsaya awa 3, wuta ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bayan 'yan irin wannan, fitilarka na iya kamawa da hantsi, daren kuma ya wuce baƙi ƙirin, kai ba ka sani ba tunda barci kake a lokacin. Sayi mai lambobi da ɗan batir a ciki, wanda ke riƙe lokaci. Duk da haka ka leƙa da idonka sau ɗaya a mako, a ga fitilu na ci, a ƙirga kwayayen da suka mutu.

Inda wuta ba ta da tabbas, ƙarancin abin da ake buƙata shi ne abin farin ciki. Kwai 10 masu wat 9, awa 4, jimla wat 360 na awa ɗaya ke nan a dare. Batir matsakaici da farantin sola ɗaya za su ɗauki wannan. Ware layin fitilun dare a kan batir, kada ka haɗa shi da famfo ko fanka.

Dare nawa za a rasa kafin a yi ɓarna? Ya danganta. Zantiyom dare ɗaya tak ya ishe ta. Kirisantimom da foyinsetiya suna buƙatar darare da dama a jere kafin toho ya juya gaba ɗaya, don haka fashin dare ɗaya ba abin tada hankali ba ne, amma uku ko huɗu a jere abin damuwa ne. Idan wuta ta ɗauke ƙarfe 10 ta dawo ƙarfe 1, kunna da hannu ka ba da ko awa 1 ko 2 ce. Muddin an katse duhun kafin ya kai iyaka, an ceci daren.

Mataki na 7: Fara tun daga uwa

Shukar da ta fito daga iri tana da ƙuruciya, 'yan makonni ko 'yan ganye na farko da ba ta amsa kiran dare. Reshen da aka yanko daga babbar shuka ba shi da wannan. Shekarun uwarsa yake ɗauke da su, kuma in uwar ta kwana a dogon dare, ya zo da saƙon fure a jikinsa. Za ka kafa shi, ka haska shi yadda ya kamata, bayan mako biyu ko uku ya fito da tohon fure, ka zargi fitila alhali aikin gama ya riga ya gama.

Saboda haka uwayen da ake yanka daga jikinsu su zauna ƙarƙashin hasken dare kullum. Teburin da ake kafa rassa su yi saiwa shi ma a haska shi daga daren farko, haka wurin da dashe ke jira kafin a kai shi kwami. Riƙa yankar rassan uwa a kai a kai, domin reshen kirisantimom da aka bari ya yi tsawo ya tara ganye da yawa yakan ƙulla toho ko da dare gajere ne. Uwar da ta tsufa a sauya ta da sabuwa. Idan sayen dashe kake yi, buɗe 'yan kawuna ka duba da gilashin ƙara girma: tohon ganye tsini ne da shi, na fure kuwa ya yi zagaye ya kumbura.

Akwai wani tarko ga mai raino a ɗaki sannan ya fitar waje. Shukar da ta saba da awa 18, aka fitar da ita fili a lokacin da yini bai kai iyakarta ba, za ta juya nan da nan. Ko ka jira yini ya tsawaita, ko fitilar ta bi ta waje.

Mataki na 8: Kawar da sauran masu ingiza fure

Haske ba shi kaɗai ke magana ba. Shukar da ta wahala takan gaggauta haihuwa. Ƙishirwa mai maimaituwa, ƙarancin takin naitirojin a makonnin farko, saiwa da ta cika tukunya ta dunƙule, dashen da ya daɗe a faranti ba a dasa ba, duk suna jawo toho da wuri. A kirisantimom na lambu, darare masu sanyi a jere bayan dashe sanannen dalili ne. Maganin bai da wuya: dasa da wuri, ban ruwa a kan kari, taki isasshe tun farko yadda shukar za ta shagala da fitar da ganye.

Mataki na 9: Idan tohon fure ya riga ya fito

Gyara hasken tukuna, in ba haka ba duk abin da ka yi zai maimaitu. Sannan ka fille kan, ba tohon kaɗai ba. Sauka ƙasa da shi ka yanke tare da ganye biyu ko uku, domin idanun da ke kusa da toho su ma yawanci sun riga sun karɓi saƙon, kuma in ka bar su za su fito da gajerun rassa masu fure. Bi da taki mai naitirojin da ruwa. Sababbin rassan da za su fito daga ƙasa su ne za ka duba: in ganyensu cikakke ne mai siffar da aka saba, shukar ta dawo. In sirara ne marasa yatsu, har yanzu tana kan hanyar fure.

Wannan na ceto shukar tukunya da ta lambu, inda rassa da yawa ake so. Ga furen yanka mai kara ɗaya, sau da yawa cirewa a sake dasa sabo ya fi, tunda makonnin da za a ɓata wajen lallashi sun kai na sabon dashe. Manyan gonaki na fesa wani sinadari mai suna etefon don zubar da toho, amma yana jinkirta furen gaske da makonni kuma kuskuren awo na tsugunar da shuka. Sai da bin umarnin da ke jikin kwalba sau da ƙafa.

Mataki na 10: Kashe fitila a ranar da ka zaɓa

Ƙirgo baya daga ranar da kake son fure. Idan nau'inka na mako 9 ne, dogon dare zai fara mako 9 kafin wannan rana, makonnin haske kuma su zo kafin nan. Kirisantimom na tukunya yakan samu mako 2 zuwa 3 na hasken dare bayan dashe. Na yanka ana barinsa sai ya kai kamar santimita 30 zuwa 40, saboda kara na ci gaba da miƙewa sosai bayan an kashe fitila. Wanda ya jira sai shuka ta kai tsawon da yake so kafin ya kashe, zai ƙare da abin da ya fi ƙarfin tukunya.

Kashewa a yi ta gaba ɗaya, rana ɗaya. Daga nan dokar ta juye: duk abin da ka yi don katse dare, yanzu shi ne abokin gaba. Fitilar titi, ta tsaro, hasken kwamin da ke kusa wanda har yanzu ake haskawa, duk suna iya jinkirta fure ko su sa ya fito a karkace, kuma foyinsetiya ta fi kowa saurin jin wannan. Hasken farin wata ba ya kai ko luks 1, ba abin damuwa ba ne. Tsaya cikin ɗakin da dare, ka bar idonka ya saba na 'yan mintoci. In kana iya karanta rubutu a takarda, akwai hasken da ya kamata a toshe.

Idan daren wurinka a lokacin bai kai tsawon da ake buƙata ba, rufe shukokin da baƙin ƙyalle ko baƙar leda mai kauri na awa 12 zuwa 13 kowane dare, har tohon ya nuna launi. A lokacin zafi kada ka rufe da wuri rana na sama, domin zafin da ke taruwa ƙarƙashin baƙin rufi shi ma yana jinkirta fure. Rufe ƙarfe 7 na yamma ka buɗe ƙarfe 7 ko 8 na safe, ka zaɓi rufi mai fari ko sheƙi ta waje, kuma ka bar hanyar da iska za ta ratsa ta ƙasa ba tare da haske ya shiga ba.